Tsakanin carbi da kasuwa: tambayoyi da amsoshi kan gyaran zuciya da neman na kai a Damagaram

Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi dawowa a zaurukan karatu da bakin shaguna a Zinder, daga ƴan kasuwa, ma'aikata, manoma, direbobi da matan gida. Hukunce-hukuncen da ke ciki bisa mazhabar Malikiyya suke, wadda a kanta ake karatu a zaurukanmu. An sa wa tambayoyin lamba don a iya komawa daga wata zuwa wata.

1. Wai gyaran zuciya da neman abinci kishiyoyi ne, in ɗaya ta shiga sai ɗaya ta fita?

A'a. Suratul Jumu'a, aya ta 9, ta ce a bar ciniki a tafi salla. Aya ta 10 kuma ta ce in an ƙare a watsu cikin ƙasa a nemi falalar Allah, a yawaita ambatonsa. Suratun Nur, aya ta 37, ta yabi mazajen da fatauci da ciniki ba sa shagaltar da su daga ambaton Allah, wato fataucin suna yin sa. Abdurrahman ɗan Aufu da ya isa Madina ba shi da komai, aka yi masa tayin rabin dukiya, ya yi godiya ya ce a nuna masa hanyar kasuwa. Annabi Dawuda daga aikin hannunsa yake ci, Annabi Zakariyya kuma kafinta ne.

Gyaran zuciya shi ne fitar da riya, hassada, girman kai da kwaɗayi daga cikinta, a dasa ikhlasi, haƙuri da godiya. Mafi yawan waɗannan ba a ganinsu a ɗaki. Ba ka sanin hassadarka sai maƙwabcin shago ya fi ka ciniki, ba ka sanin haƙurinka sai wanda kake bi bashi ya wuce ta gabanka da sabon babur. A kan buzu ake wasa wuƙar, a cikin mutane ake gane ko tana ci.

2. In lokaci ya ƙure, me zan fara gabatarwa?

Hadisin ƙudusi da ke cikin Buhari ya jera su: bawa ba ya kusantar Allah da abin da ya fi soyuwa gare shi kamar abin da ya farlanta masa, bayan nan ne yake ci gaba da kusanta da nafiloli. Farillan nan iri biyu ne. Akwai na tsakaninka da Ubangiji: salloli biyar cikin lokacinsu, azumi, zakka, da ilimin da suke ingantuwa da shi. Akwai kuma haƙƙin mutane da ya hau kanka: ciyar da iyali, biyan bashin da lokacinsa ya yi, cika aikin da aka biya ka, kula da iyaye. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a kira kashi na biyu "duniya" a tura shi bayan nafila. Shi ya sa za ka ga mutum ya koma Umara karo na biyu da kuɗin mutane a wuyansa, ko yana rabon sadaka a ƙofar masallaci alhali cefanen gida bai fita ba.

Wanda ake bin sa sallolin farilla yana da hukunci na musamman. Ahalari ya ce ba ya yin nafila, ba walaha, ba asham, sai shafa'i da wutiri, raka'o'i biyu na alfijir, idi biyu, husufi da roƙon ruwa. Ya kuma ce wanda yake rama sallolin kwana biyar a kowace rana ba mai sakaci ba ne. Salloli 25 ke nan a yini, kuma da wannan lissafi ramuwar shekara guda tana ƙarewa cikin kwana 73. Wanda bai iya haka ya yi gwargwadon ƙarfinsa, ya riƙe lissafi a takarda, don ƙiyasin baki yakan ɓace cikin mako biyu.

3. Wuridi nawa ya ishi mai aiki a rana?

Minti 30 zuwa 40 a warwatse sun isa a fara da su. Azkar na safe bayan Asuba, kamar minti goma. Na yamma bayan La'asar, wasu goma. Tasbihin bayan kowace farilla, 33 sau uku da cikon ɗari, bai wuce minti biyu ba. Sai shafa'i da wutiri. Alƙur'ani izu 60 ne, kowane izu sumuni takwas, jimla 480. Sumuni ɗaya bayan kowace salla, wanda yake ɗaukar minti biyu zuwa uku, yana kai mutum ga sauka cikin kwana 96. Izu ɗaya a rana sauka ce cikin wata biyu, izu biyu kuma cikin wata ɗaya.

Da ranarka mafi wuya za ka auna, kamar Alhamis da kasuwa ta cika, ko ranar da aka kwana da yaro a asibiti. Abin da za ka iya yi a irin wannan rana shi ne wuridinka, sauran ƙari ne da za ka yi in akwai sarari. Yadda ake faɗuwa sananne ne: a fito daga Ramadan ko daga wa'azi mai zafi, a ɗora wa kai izu biyar da azumin Litinin da Alhamis da tsayuwar rabin dare, bayan sati biyu a ajiye duka har da ɗan abin da ake yi a da. Nana A'isha ta ruwaito cewa aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kai ko da kaɗan ne. Ka riƙe ƙaramin adadi wata ɗaya ko biyu kafin ka ƙara.

In barci ya ɗauke ka ka rasa karatun dare, hadisin Sayyadi Umar a Muslim ya ce wanda ya karanta shi tsakanin Asuba da Azahar za a rubuta masa kamar da dare ya yi.

4. Ni ɗan ɗarika ne. Yaya zan haɗa lazimi da wazifa da aikin yini?

A Tijjaniyya lazimi istigfari 100 ne, salati 100, hailala 100, safe da yamma. Wazifa sau ɗaya a yini, istigfari 30, Salatul Fatihi 50, hailala 100, Jauharatul Kamali 12, sai zikirin Juma'a bayan La'asar. Lazimi yakan ɗauki kamar kwata, wazifa kusan rabin awa. Ana yin su da alwala, ba a magana a ciki sai da lalura, kuma lazimin da ya kuɓuce ana rama shi. Saboda haka ba a yin sa ana tayin kaya. Abin da ya fi dacewa ga mai shago ko ma'aikaci shi ne ya gama na safe kafin ya bar masallaci da Asuba, ya tambayi muƙaddaminsa iyakar faɗin lokacin na yamma, ya nemi zawiyar da lokacin wazifarta bai ci karo da aikinsa ba.

Wanda bai karɓa ba tukuna ya yi wannan lissafi kafin ya miƙa hannu, don alƙawari ne na tsawon rai. Ƴan Ƙadiriyya da waɗanda ba sa bin ɗarika, masu tsayawa kan azkar da suka zo a hadisi, duk tsarin tambaya ta 2 ya hau kansu. Muhawarar da ke tsakanin ɓangarorin ba a nan za a yi ta ba.

5. Ina son tsayuwar dare, amma in na yi sai in wuni ina gyangyaɗi a wurin aiki.

Dare daga Magariba yake farawa zuwa alfijir. In Magariba ta yi da ƙarfe 6:30, alfijir ya keto da 5:00, daren awa goma da rabi ne, sulusin ƙarshe yana farawa da 1:30. Ba a ce ka cika shi duka ba. Tashi saura minti 30 ko 40 a kira Asuba, ka yi raka'a biyu ko huɗu, ka rufe da shafa'i da wutiri, kana cikin sulusin. Kuɗin wannan tashi a farkon dare ake biyansa. Wanda ya zauna a fada har aka sha shayi na uku, ya koma gida ya ɗora da waya, ya riga ya sayar da ƙarshen darensa. A bazara, cikin Afrilu da Mayu, da zafi ke hana barci sai dare ya raba, ƙailula ta minti 20 bayan Azahar tana rage wahala.

Ayar ƙarshe ta Suratul Muzzammil ita ta sassauta tsayuwar dare, kuma cikin dalilan da ta ambata akwai masu tafiya cikin ƙasa suna neman falalar Allah. Annabi (SAW) ya ga igiya a ɗaure a masallaci wadda Nana Zainab take riƙewa in ta gaji, ya ce a kwance ta, kowa ya yi salla gwargwadon nishaɗinsa. A cikin Muwaɗɗa, Sayyadi Umar ya ce halartar Asuba cikin jam'i ta fi soyuwa gare shi bisa tsayuwar dare guda, bayan an gaya masa wani ya makara saboda ya kwana yana salla.

Ga direban da zai ja mota daga Zinder zuwa Yamai, kusan kilomita 900, da ɗan kabu-kabu, da mai aikin dare a asibiti, barci haƙƙin mutane ne, don rayuka suna hannunsu. A daren tafiya su yi wutiri bayan Isha'i su kwanta.

6. Ana cewa sana'a ma ibada ce. Da wane sharaɗi?

Sharuɗɗan huɗu ne: sana'ar ta zama halal a kanta, babu ha'inci a cikinta, ba ta hana farilla, kuma akwai niyya. Annabi (SAW) ya gaya wa Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas cewa duk abin da ya ciyar don neman yardar Allah za a ba shi lada, har lomar da ya sa a bakin matarsa. Niyyar ba ta buƙatar lafazi. Lokacin da kake buɗe ƙofar shago ko tayar da babur, ka tuna wa zuciyarka cewa ka fito ne don ka kame kanka daga roƙo, ka ciyar da waɗanda ke wuyanka, ka biya wa mutane buƙata.

Wannan magana wasu sun mayar da ita mafaka, sai La'asar ta wuce a ce ai aiki ma ibada ne. Niyya ba ta ɗauke farilla, ba ta kuma wanke haram. Ahalari ya faɗa tun a shafinsa na farko cewa bai halatta mutum ya aikata abu ba sai ya san hukuncin Allah a kansa. Don haka ɗan kasuwa ya zauna gaban malami ya karanta babin ciniki. Ɗan canji da ke musayar sefa da naira, alal misali, dole ya san cewa hannu da hannu ake yin ta a zama ɗaya, ba a ce kawo yau ka karɓa jibi ba.

7. A Kasuwar Dole nake. Lokacin salla ne ciniki ke tashi. Yaya zan yi?

Salla tana da lokacin zaɓi da na lalura. Na zaɓin Azahar yana kaiwa har inuwar abu ta yi daidai da tsawonsa, ban da inuwar da ta rage lokacin da rana ta karkata, na La'asar kuma har rana ta yi fatsi-fatsi. Jinkirtawa zuwa lokacin lalura saboda ciniki laifi ne. Dabarar da ke aiki ita ce a ɗaura alwala kafin cunkoso, kuma a yi yarjejeniya da maƙwabci: ɗaya ya bi jam'in farko, ɗaya ya duba shaguna biyu ya bi na biyu. Ranar Juma'a ba haka ba ne. Daga kiran da ake yi bayan liman ya hau mumbari ciniki ya haramta ga wanda Juma'a ta wajaba a kansa, kuma a Malikiyya warware shi ake yi.

Abin da ya fi lokacin salla cin ƴan kasuwa shi ne tiya da harshe. Tiya biyu, babba ta saye da ƙarama ta sayarwa, ita ce ainihin abin da Suratul Muɗaffifin ta buɗe da shi. Buge gindin tiya, zuba tsohon wake ƙarƙashin sabo, ɓoye aibin dabba, duk algushu ne. Annabi (SAW) ya sa hannu cikin tarin hatsi ya ji danshi a ƙasa, ya tambayi mai shi don me bai sa jiƙaƙƙen a sama ba yadda mutane za su gani, ya ce wanda ya yi ha'inci ba ya cikinmu. Rantsuwa kuma, hadisi ya ce tana sayar da kaya tana shafe albarka. Mai carbi a hannun hagu da "wallahi ban saye shi haka ba" a baki, shi ya san inda wuridinsa yake zurarewa.

Zakka ma tana cikin gyaran zuciyar ɗan kasuwa. Mai juya kaya kullum yana ƙiyasta kayan shagonsa sau ɗaya a shekara, ya haɗa da kuɗin hannu, in sun kai nisabi ya fitar da ɗaya cikin 40. A miliyan ɗaya, jika 25 ke nan.

8. Ma'aikaci zai iya yin nafila ko karatun Alƙur'ani a lokacin aiki?

Awannin aiki an riga an saye su da albashi. Farilla tana da haƙƙinta a cikinsu, alwala da salla minti 10 zuwa 15. Nafila kuwa ba ta da wannan haƙƙi matuƙar akwai mai jira. Barin mutane a layi a biro, ko ƴan lakkol ba mushe a aji, ko mara lafiya a kan benci, don a yi walaha, sayen nafila ne da farilla. Lokacin walaha yana shiga kamar minti 20 bayan fitowar rana, ana iya yin ta a gida kafin a fito. Zikirin harshe ba laifi in bai ɗauke hankali daga aikin ba, amma mai lissafin kuɗi ko mai auna magani ya bar shi sai ya gama.

Wanda yake limanci a masallacin wurin aiki ya taƙaita. Annabi (SAW) ya yi wa Mu'azu faɗa mai zafi saboda tsawaita karatu ga mutanen da suka wuni suna aiki.

9. Da damina gona tana cinye yini duka. Wuridina ya tafi ke nan?

Ya ragu, kuma hakan daidai ne. Shuka ba ta jira in ruwa ya sauka, firi da maimai ma suna da kwanakinsu. Daga Yuni zuwa kaka manomi ya koma kan ƙaramin adadin tambaya ta 3, ya tafi gona da ruwan alwala, ya yi salla a gindin bishiya cikin lokacinta. Rani shi ne lokacin ƙari da komawa gaban malam, kuma haka almajiran ƙasar nan suka saba tun da. Hadisi ya ce duk abin da tsuntsu ko mutum ko dabba suka ci daga shukar Musulmi sadaka ce gare shi.

Ramadan yana ja da baya kwana 10 ko 11 kowace shekara, don haka yakan faɗo cikin aikin gona. Hukuncin shi ne a kwana da niyya a tashi da azumi, sai in wahala mai tsanani ta auku ne za a sha, a rama daga baya. Ba a yanke tun dare cewa gobe ba azumi. Zakkar hatsi ɗaya cikin goma ce ga abin da ruwan sama ya shayar, ɗaya cikin ashirin ga abin da aka shayar da inji ko guga, in ya kai sa'i 300. Gero da dawa kowane da nisabinsa, ba a haɗa su.

10. Ni matar aure ce. Daga tashi har kwanciya ba ni da minti goma nawa na kaina.

Nana Faɗima ta kai kukan hannunta da niƙa ya yi wa kanta, tana neman mai taya ta aiki. Aka koya mata ita da Sayyadi Ali tasbihi 33, hamdala 33, kabbara 34 lokacin kwanciya. Nana Juwairiyya kuma ta zauna a wurin sallarta tun Asuba har hantsi, Annabi (SAW) ya ce mata ya faɗi kalmomi huɗu sau uku waɗanda za su rinjayi duk abin da ta faɗa: subhanallahi wa bihamdihi, adada khalƙihi, wa rida nafsihi, wa zinata arshihi, wa midada kalimatihi. Ba su kai minti ɗaya ba. Daka, wanki, tsintar shinkafa da jiran famfo cikin dare a unguwannin da ruwa ke wuya, duk ayyuka ne na hannu da suke barin harshe. Lokacin da ya fi tabbata gare ki shi ne tsakanin Asuba da tashin yara.

Haila ba ta hana zikiri da addu'a, kuma a Malikiyya mai haila tana karanta Alƙur'ani da ka. Azumin nafila sai da izinin miji in yana gari. Mai ciki da mai goyo kada su ɗora wa kansu shi.

Ga maigida kuma: sanin tsarki da salla farilla ce a kanta kamar yadda take a kanka. Ko ka koya mata, ko ka buɗe mata hanyar makaranta. Nana Asma'u ƴar Shehu, wadda ta rasu a 1864, jajis, wato malamai mata, ta horar suna bin ƙauyuka suna kai wa matan aure karatu har gida, saboda ta san aikin gida ba ya ƙarewa balle a ce sai an gama.

11. Ina jin in bar aiki gaba ɗaya in koma ibada, Allah zai ciyar da ni. Wannan ba tawakkali ba ne?

Mutumin da ya tambaya ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya dogara, Annabi (SAW) ya ce masa ya ɗaure ta ya dogara. Tsuntsayen da aka buga misalin tawakkali da su ma sammako suke yi da yunwa su dawo da ƙoshi. Ibnu Aɗa'illah, malamin Malikiyya kuma sufi da ya rasu a Alƙahira a 1309, ya ce son barin sababi, wato hanyoyin neman abinci, alhali Allah ya tsayar da kai a cikinsu ɓoyayyar sha'awa ce, son komawa sababi alhali ya tsayar da kai a kaɗaita kuma faɗuwar himma ce. Alamar an tsayar da kai cikin sababi ita ce kana da waɗanda ke ci daga hannunka, sana'arka halal ce, addininka yana tsira a cikinta.

Sau da yawa abin da ke ƙarƙashin wannan buri gajiya ce, ko karayar jari, ko son a ce wane ya bar duniya. Gwajin mai sauƙi ne: wa zai sayi gero wata mai zuwa? In amsar ita ce yaya ko suruki ko maƙwabci, to a kansu ka dogara. Hadisin Abu Dawuda ya ce ya ishi mutum zunubi ya tozarta wanda yake ciyarwa. Imam Gazali da ake kafa hujja da shi ya bar Bagadaza a 1095, amma sai da ya bar wa iyalinsa abin da zai ishe su, kuma a 1106 ya koma karantarwa a Naisabur.

12. To i'itikafi fa? Ba shi ne keɓewar da shari'a ta yarda da ita ba?

Shi ne, kuma yana da iyaka. A Malikiyya mafi ƙarancinsa yini da dare, abin so kwana goma, sai da azumi, sai a masallaci, kuma in Juma'a za ta faɗo ciki sai a masallacin Juma'a. An karhanta shi ga wanda ba shi da mai ɗauke masa buƙatunsa. Kafin ka shiga goman ƙarshe na Ramadan, ajiye cefanen kwana goma da na salla, sami mai tsaron shago, nemi hutu a rubuce in ma'aikaci ne kai. In goma ba ta yiwuwa, yi yini da dare ɗaya ko biyu. Wayar da ke hannu ana amsa kiran ciniki da ita tana cinye ma'anar zaman.

13. Wanne ya fi, nafila ko hidimar jama'a?

In buƙata ta taso a gabanka, kuma kai ne za ka iya, hidima ce a gaba. Anas ya ba da labarin wata tafiya cikin zafi da masu azumi suka zube, marasa azumi suka kafa tantuna suka shayar da dabbobi, Annabi (SAW) ya ce yau marasa azumi sun tafi da lada. Sa'adu ɗan Ubada ya tambayi sadakar da ta fi, aka ce masa shayar da ruwa. A garin da kuɗin garuwa ke cikin lissafin kowane gida, wannan ba ya buƙatar sharhi: biya wa tsohuwa kura ɗaya a bazara, ko haɗa kuɗin gyaran famfon unguwa. Wankan gawa da binne ta, ba da jini, sasanta masu gaba, gayyar yashe magudana kafin damina, wasunsu farilla ce ta kifaya, in kowa ya bari kowa ya yi laifi.

Sai dai mai hidimar da ya ajiye wuridinsa gaba ɗaya yakan fara ƙirga wanda ya gode da wanda bai gode ba, daga nan sai gori, sai rikicin shugabancin ƙungiya. Ƙaramin adadin tambaya ta 3 ba a taɓa shi ko ranar da aiki ya fi yawa.

14. Ƙungiyarmu tana sa hotunan taimako a Facebook. Riya ce?

Suratul Baƙara, aya ta 271, ta yaba bayyana sadaka, ta ce ɓoye ta ya fi. Bayyana lissafin kuɗin da mutane suka ba ku amana ce, wajibi ne ma. Ɗaukar fuskar mabuƙaci yana karɓar buhu wani abu ne dabam, don cin mutuncinsa ya shiga ciki. A nuna kayan da rasit, a bar fuskoki. Hadisin Muslim ya ambaci mutum uku da za a fara yi wa hukunci, wanda aka kashe a yaƙi, da malami, da mai kyauta, kowanne ya yi don a faɗa kuma an faɗa. Maganin da malamai suka daɗe suna bayarwa shi ne mutum ya riƙe aiki ɗaya da ko matarsa ba ta sani ba. Barin aikin alheri don tsoron a ce riya ce ba mafita ba ne, a gyara niyya a ci gaba.

15. Ina yin komai yadda na saba, amma zuciyata ta bushe.

Hanzala ya taɓa cewa ya yi munafunci, don a gaban Annabi (SAW) kamar yana ganin Aljanna da wuta, in ya koma cikin mata da yara da gona sai ya manta. Annabi (SAW) ya ce masa sa'a da sa'a, wato wani lokaci haka, wani lokaci haka. Hawa da sauka al'adar zuciya ce. A lokacin sauka kada ka ƙara adadi kuma kada ka ajiye, ka binciki abu huɗu: awa nawa kake barci, ko wani kuɗi mai shubuha ya shigo, ko akwai wanda kake gaba da shi ko ka riƙe haƙƙinsa, da abin da ake tattaunawa a fadar da kake zama. Ziyarar mara lafiya ko raka gawa maƙabarta sukan yi abin da ƙarin carbi bai yi ba.

16. Yaya zan gane na karkata gefe ɗaya?

Wanda ya karkata wajen duniya, sallolinsa suna gangarawa ƙarshen lokaci, mako yana wucewa bai buɗe Alƙur'ani ba, hasarar jika biyu tana hana shi barci amma rasa Asuba ba ta dame shi. Wanda ya karkata ɗaya gefen, bashinsa yana ƙaruwa tare da wuridinsa, yaransa suna shiru in ya shigo, yana ganin duk wanda ke kasuwa gafalalle ne. Shi da kansa ba ya gani, don haka ya tambayi matarsa, abokin cinikinsa da malaminsa. Salmanu ne ya gane halin Abu Darda'i daga tufafin matarsa, ya hana shi azumin ranar, ya sa shi barci har ƙarshen dare, ya ce masa Ubangijinka yana da haƙƙi a kanka, ranka yana da haƙƙi, iyalinka suna da haƙƙi, kuma Annabi (SAW) ya gaskata shi.

Akwai alamun da ba na malami kaɗai ba ne. Mutum ya kwana uku ko huɗu bai runtsa ba kuma ba ya jin gajiya, ko yana jin ana yi masa magana, ko ya daina ci da wanka, ko yana maimaita alwala har lokacin salla ya fita, ko yana zancen ya gaji da rayuwa. Irin wannan a kai shi babban asibitin Zinder ya ga likita, addu'a tana tafiya tare da magani, kuma malaminsa ya rage masa wuridi zuwa farilla da azkar na safe da yamma har ya samu sauƙi.